Ƙarfafa gwiwar mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau

Masu ba da shawara da suka tattauna wannan batu sun fi tsayawa a kan ranar da aka faɗa wa mutum sakamakon gwaji. Sun ce a bar shi ya yi kukansa, kar a cika shi da wa'azi. Daga baya a gaya masa cewa mai shan magani kullum, yawanci cikin wata 6 ƙwayar cutar kan ragu har gwajin auna yawanta a jini ya kasa gano ta, kuma a wannan mataki ba ya harbar abokin zamansa ta hanyar saduwa.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a haɗa shi da wanda ya daɗe yana shan magani, ya gan shi garau da iyalinsa. Kar kuma a matsa masa ya sanar da dangi kafin ya shirya.