Jingar kalma 2,000: ta ina ake farawa?

Ɗan aji biyu:
Assalamu alaikum malamai da yayye. An ba mu jinga a kwas ɗin tarihin tattalin arziki a BUK: "Tattauna dalilan durƙushewar masana'antun Kano daga shekarun 1980." Kalma 2,000 ake so, da manazarta a ƙarshe, kuma cikin makin CA, wato makin ayyukan da ake tarawa kafin jarrabawa, za ta shiga. Bayanai kam na tara har sun yi yawa, amma da na zauna rubutu sai kaina ya ɗaure. Don Allah ta ina ake farawa, kuma yaya ake raba aikin?

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ajiye bayanan nan tukuna, ka koma kan tambayar. An ce maka "tattauna", ba "lissafa" ba. Wanda ya jero dalilai goma, kowanne layi uku, ya amsa wata tambayar ce daban. Tattaunawa tana son ka auna dalilan, ka ce wanne ya fi nauyi, ka kawo hujja.

Saboda haka kafin komai ka rubuta matsayarka cikin jimla ɗaya. Misali: "Karyewar darajar naira bayan shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki (SAP) na 1986 da rashin tsayayyar wutar lantarki su suka raunana masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, shigowar kayan waje masu araha kuma ta ƙarasa su." Wani zai iya musa maka wannan, kuma haka ake so. Jimlar da ba mai iya musawa, kamar "masana'antu suna da muhimmanci ga Kano", ba matsaya ba ce.

Sai rabon kalmomi. Gabatarwa ta ci kamar 200, kammalawa 200, gundarin aiki 1,600. In kowane sakin layi ya kai kalma 200, takwas ke nan. Ka ga yanzu ba dutse ne a gabanka ba, sakin layi takwas ne. Ka ba SAP biyu, wuta biyu, kayan waje biyu, ɗaya ga ƙananan dalilai, ɗaya kuma ga ra'ayin da ya saɓa wa naka. Wannan na ƙarshen ɗalibai suna tsoronsa, alhali nan maki yake.

Kowane sakin layi magana ɗaya zai ɗauka. Jimlar farko ta faɗi maganar, sai hujja daga littafi ko mujalla, sai bayaninka na yadda hujjar ta tabbatar da maganar. A nan aka fi faɗuwa: yaro ya ɗauko maganar marubuci ya dasa, ya wuce abinsa. In ka ce naira ta faɗi, nuna hanyar da abin ya bi: masaƙa tana sayo sinadarai da kayan gyaran inji daga waje, kuɗinsu ya ninka, kuɗin sarrafa yadi ya hau, ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya koma kan atamfar da ta fi sauƙi. Wannan bayanin shi ne naka, shi malami yake nema.

Ma'aikaciyar laburare:
Na ƙara a kan abin da Malam ya faɗa, ta ɓangaren manazarta. Duk abin da ka karanta, a take ka rubuta sunan marubuci, shekara, sunan littafin, maɗaba'a da lambar shafi a saman takardar da kake ɗaukar bayani. Wanda ya bari sai daren miƙa aiki, zai ga magana mai kyau a hannunsa bai san inda ya samo ta ba. Kuma ka riƙa sa alamar zance a kan duk abin da ka kwafa kalma da kalma, don kada daga baya ka ɗauka naka ne. Satar fasaha da yawa daga nan take farawa, ba da niyya ba, amma hukuncin ɗaya ne.

Tambayi malamin kwas salon da yake so. In APA ne, wato ɗaya daga cikin salon kawo madogara, cikin rubutu sunan marubuci da shekara ake sawa, a ƙara shafi in an ɗauko magana kai tsaye. Maganar da ta kai kalma 40 a ware ta ita kaɗai. Duk sunan da ya fito a ciki dole ya fito a manazarta, a jere bisa haruffa. Hannawut ɗin malami da Wikipedia ba madogara ba ne. Ka leƙa Google Scholar, ka kuma duba kundayen digiri da ke laburaren jami'a, an yi rubuce-rubuce kan masana'antun Kano.

Ɗan aji biyu:
Allah ya saka da alheri Malam, na gode Anti. To gabatarwar fa? Ita ce ta fi tsayar da ni.

Ɗalibin digiri na biyu:
Kada ka fara da ita. Mutum ba ya gabatar da abin da bai rubuta ba tukuna. Rubuta matsayarka a sama, ka shiga gundarin aiki, gabatarwa ta zo daga baya. Abu uku ya ishe ta: ɗan fage, matsaya, da hanyar da muƙalar za ta bi. Ka bar tarihin Kano tun daga Dala, zai cinye maka shafi guda a banza. Kammalawa kuma ba a kawo sabuwar hujja a cikinta.

Ka gama rubutun farko da sauran kwana uku, ka bar shi ya kwana, sannan ka karanta jimlar farko ta kowane sakin layi a jere. In sun ba da ma'ana su kaɗai, tsarin ya tsayu. Sai ka karanta duka da ƙarfi, kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

In a shagon kwamfuta za a buga maka, zauna kusa da mai bugun, ka duba kafin a fitar. Sunayen marubuta da shekaru suka fi ɓatawa, 1986 ta koma 1968. Ka tafi da shi a PDF in kai ka buga da kanka, don kada shafukan su rikice a kwamfutarsu.