Neman shawara: wayar ofis ta hana ni jego

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni mai lissafin kuɗi ce a wani kamfanin kayan gini a Garwa, kuma yau kwanana 19 da haihuwa. Tun washegarin suna shugabana yake turo saƙonni ta WhatsApp, yau in gaya masa inda takardar haraji take, gobe in duba masa albashin direbobi. Shekaranjiya ina fitowa daga wankan jego, jiki na ta tururi, ya kira har sau uku, sai mahaifiyata ta karɓe wayar ta cusa ƙarƙashin katifa. Ba na son yanke hulɗa da ofis, domin an ɗauko wani matashi ya riƙe mini kujera, kuma ina tsoron in koma in tarar ya zauna daram. Yaya zan yi?

Wani ɗan uwa daga Ngaundere: Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Dokar aiki ta Kamaru ta 1992 ta ba ki hutun makonni 14, huɗu daga ciki kafin haihuwa, ana kuma iya ƙara shida idan likita ya tabbatar da rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ta jawo. Ba shi da ikon sallamar ki a wannan lokaci. Abin da mutane suke mantawa shi ne, CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru, ita ce ke biyan kuɗin hutun, a kan cewa kin dakatar da aiki, saboda haka duk lissafin da kike yi masa yanzu kyauta kike yi. Ki fara tabbatar da cewa takardunki sun isa can.

Wata Hajiya daga Marwa: 'Yata, mahaifiyarki ta fi ki gaskiya, amma katifa ba za ta riƙe miki aiki ba. Ki zauna sau ɗaya ki rubuta wa matashin inda kowace takarda take da ranar da ake biyan kowane abu, ki tura wa shugaban shi ma, sannan ki sanar da su cikin ladabi cewa bayan arba'in za ki riƙa amsa tambayoyi ranar Alhamis da hantsi kaɗai. Kada ki ɓoye wa yaron komai don a ji rashinki. Na ga wadda ta yi haka, ta dawo ta tarar da lissafin wata uku a hargitse, ita ce kuma ta kwana gyaransa da goyo a baya.

Wata 'yar uwa daga Garwa: Ni dai kada ki fara da zancen doka. Idan kin fita yawon arba'in ki biya ofis da jaririn ku gaisa, a nan ki tsayar da ranar komawarki, ki kuma yi maganar sa'a ɗaya ta shayarwa da doka ta ba ki kullum har wata 15 bayan haihuwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hajiya, na fara rubutun tun jiya da dare. Saura in shawo kan Inna ta fito da wayar.