Tambaya: su wa suka sare itacen, kuma ina mata a tarihin katako?

Ummu Hafsa, Sinja:
Assalamu alaikum. Duk hoton tarihin sana'ar katako da za ka gani, Bature ne da gemu da gatari. Shin baƙar fata da mata ba su yi aikin ba ne? Masana, ku taimaka da bayani dalla-dalla, har da yadda ake aikin.

Malam Bello, Mai Wurno:
Wa alaikumussalam, Malama. Sun yi, kuma mafi wuyarsa. A Biliz, ƙasa a Amurka ta Tsakiya, bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka sare mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, wanda aka yi kujerun manyan gidajen Ingila da shi. Ana fita ayari-ayari, mutum 10 zuwa 50. Akwai gwanin daji da ke hawa doguwar bishiya ya hango inda mahogani yake, domin ba ya tsirowa a cunkushe. Gindinsa na da saiwoyi masu faɗi, don haka sai a kafa dandamali na itace, tsawon ƙafa 12 ko fiye, mai gatari ya tsaya a kai ya yi sara. Idan ƙafa ta zame, ko bishiyar ta juyo baya, ba wurin gudu. A watan Afrilu da Mayu, ƙasa ta bushe, shanu ke jan gumagumai zuwa bakin kogi, da dare da wutar tsinke saboda zafin rana. Ruwan Yuni ya kwashe su zuwa teku. Bayan ƙarewar bauta a 1838, aka koma ba su kuɗi tun kafin aiki, rabi kaya ne daga kantin mai gida a farashin da ya ga dama, mutum ya ƙare shekara da bashi a wuyansa.

Ustaz Abdulƙadir, Gadarif:
Malam, bari in ɗora da Amurka. A kudancinta baƙar fata suna da yawa ƙwarai a dazukan katako, amma nasu shi ne sara da dako da shimfiɗa dogo, mai kula da babban zarto da shugaban aiki galibi farar fata ne. A 1910 aka kafa ƙungiyar ƙwadago ta Brotherhood of Timber Workers a Luwiziyana, ta karɓi baƙi da farare, har da mata, abin da ba a saba ba a lokacin. Masu kamfanoni suka rufe injina don su karya ta. Ranar 7 ga Yuli 1912 aka buɗe wuta tsakanin mutanen kamfani da 'yan ƙungiyar a garin Grabow na Luwiziyana, mutum huɗu suka mutu. A garin Bogalusa kuma, shi ma a Luwiziyana, a Nuwamba 1919, an kashe fararen ma'aikata huɗu saboda sun tsaya wa Sol Dacus, baƙar fata mai haɗa kan ma'aikata. Wannan ya kamata yaranmu su sani.

Hajiya Rabi, Sinnar:
'Yar'uwa, batun mata ba girki kawai ba ne. A 1942, Yaƙin Duniya na Biyu ya hana shigo da katako Birtaniya, ga ramukan kwal na buƙatar sandunan tokare rufi, sai aka kafa rundunar mata masu aikin katako, Women's Timber Corps. Dubban mata suka shiga daji da gatari da zarto na mutum biyu. Ga ƙa'idar sara: a fara cire tsaga ta gefen da ake so bishiya ta faɗi, kamar kwata zuwa sulusin kaurinta, sannan a yanko daga baya, sama da ita kaɗan, a bar ɗan itace tsakani wanda zai riƙe ta yana juya ta. Wanda ya yanke wannan ragowar, bishiya ta faɗi inda ta so. Zarton kuma ja ake yi, kowa a lokacinsa, in ka tura zai lanƙwashe ya maƙale.

Aikin da ya fi albashi shi ne awo. A auna kewayen gungume a tsakiyarsa da inci, a raba huɗu, a ninka abin da aka samu da kansa, a ninka da tsawo a ƙafa, a raba da 144. Kewaye inci 48, tsawo ƙafa 20, ya ba da 20, wato yawan katakon gungumen ke nan a ma'aunin ƙafa. In tef ya hau kan ƙulli, lissafin ya lalace, kuma da shi ake biyan masu sara. An rushe rundunar a 1946, sai 2007 aka kafa musu mutum-mutumi a Aberfoyle ta Sikotland. Shekara 61 suna jira, rashin adalci ne ƙarara.

Malam Bello, Mai Wurno:
Hajiya ta tuna min, a yaƙin nan an kai maza kusan 900 daga Biliz zuwa Sikotland a 1941 da 1942, suka yi sara cikin ƙanƙara. Malama, kada kuma ki tsallake gida. Bagaruwar fadamun kogin Bahar Azraƙ (Blue Nile) a nan Sudan ce aka riƙa tsagawa a injin katako na garin Suki don katakon da ake ɗora dogo a kai, kuma bishiyar kan kai kusan shekara 30 kafin ta isa sara. In za ki tambayi dattawan Suki da Mai Wurno, tambaye su wa ya yi sara, wa ya yi dako zuwa inji, kuma da yini ake biya ko da gungume.