Golf 3 mai turbo: in canja altaneta ne ko in ƙara ƙarfin caji?

Abban Hafsa, Gyaɗi-Gyaɗi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wutar mota. Motata Golf 3 ce ƙirar 1995, injin dizal 1.9 mai turbo, kuma altanetar da ke jikinta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki, Bosch ce mai amfiya 70. A cikin shekara biyu na sayi batir biyu, na ukun nan ma ya fara nauyi da safe. Na auna da mita a kan batir: kafin a tada mota 12.2V, idan an tada 13.7V, amma da zarar na kunna fitilu da fanka da na'urar sanyaya ina tsaye a cunkoson Titin Katsina, sai ya sauka zuwa 12.9V.

Mai wayarin da nake kai wa ya ba ni zaɓi biyu. Ko dai in je Ƙofar Ruwa in nemo altaneta ta Beljiyam mai amfiya 120, ko kuma ya sa mini dayod, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a jikin regileta mai daidaita ƙarfin caji, domin caji ya hau zuwa wajen 14.5V, wanda ya ce shi ne mafi arha. Abin da ya sa na yi jinkiri shi ne, a gabana ya cire kan batir mota tana aiki domin ya gwada caji, kuma hankalina bai kwanta da hakan ba. Wanne ya fi dacewa a cikin biyun?

Injiniya Ɗanlami, Sharaɗa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kashe ko sisi, ina ganin akwai awon da ba a yi ba tukuna, domin lambobin da ka kawo a kan batir kaɗai aka ɗauke su, alhali ba mu san abin da altanetar kanta take fitarwa ba. Ka tada mota, ka kunna duk abin da kake kunnawa da dare, a riƙe totur a wajen juyi 2,000 a minti, sannan ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan babban notin da ke bayan altaneta, wanda aka rubuta B+ a gefensa, ɗayan kuma a kan jan kan batir. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, kuma bai kamata ya wuce 0.3V ba. Ka sake yin haka tsakanin jikin altaneta da baƙin kan batir, inda ake son a ga ƙasa da 0.2V. A motar da ta haura shekara ashirin da biyar, sau da yawa a nan matsalar take: wayar at da ta haɗa injin da jikin mota ta yi tsatsa, ko jan ƙarfen cikin babbar waya ya yi kore a ƙarƙashin roba, inda ido ba ya gani.

Maganar dayod kuwa, gaskiya ne tana aiki. Dayod na silikon yana cinye kimanin 0.6V zuwa 0.7V, saboda haka regileta sai ya ɗauka wuta ba ta kai ba, ya ƙara. Amma ni ba zan ba mutumin Kano wannan shawara ba, kuma dalilina zafi ne. Batir yana da ɗakuna shida, kuma a yanayin digiri 25 ruwansa yana fara kumfa ya fitar da iska idan kowane ɗaki ya kai wajen 2.4V, wato 14.4V gaba ɗaya. Wannan iyaka ta batirin gaba ɗaya tana sauka da kimanin 0.02V zuwa 0.03V a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. To batirin Golf 3 a cikin bonet yake zaune tare da injin mai turbo, kuma a watan Afrilu iskar waje kanta tana haura digiri 40 a garin nan, ballantana cikin bonet a tsaye a cunkoso. Shi ya sa ma aka ƙera regileta ya riƙa rage wuta da kansa idan ya ɗauki zafi. Wanda ya tilasta masa ya tsaya a 14.5V ko sama da haka a bazara, ruwan batir zai riƙa ƙafewa, farantan ciki su lalace, kuma ƙwan fitila ma zai riƙa mutuwa da wuri, tunda ƙarin kashi biyar cikin ɗari na wuta yana rage kwanan ƙwai da kusan rabi.

Game da cire kan batir mota tana aiki, kana da gaskiya da ka ji tsoro. Batir shi ne yake shanye tsallen wuta, kuma idan aka cire shi ana cikin caji, wutar tana iya tashi nesa da 14V na ɗan lokaci, ta ƙona dayod ɗin cikin altaneta ko regileta ko rediyo. Kada ka sake yarda a yi maka wannan gwajin.

Alhaji Mai Golf, Kurna:

Ina girmama bayanin Injiniya, amma zan ɗan saɓa masa a wuri guda. Na yarda a bar maganar dayod, sai dai ban yarda waya kaɗai za ta magance abin da Abban Hafsa ya kwatanta ba. Lambar 70 da ke jikin altaneta ba a sulo ake samun ta ba, sai ita kanta altanetar tana juyi wajen 6,000 a minti, kuma idan mota tana tsaye abin da take bayarwa bai fi rabin hakan ba. Fitilun gaba biyu masu wat 55 suna jan kusan amfiya 9, ga fitilun baya, ga fankar lagireto, ga fankar ciki, ga maganaɗisun kwamfireso. Haka kuma kowace safiya hita huɗu na injin dizal suna jan amfiya 40 ko fiye kafin ma kik ya juya, musamman a hunturu. Mutumin da tafiyarsa ba ta wuce daga gida zuwa Kantin Kwari a cikin cunkoso ba, batirinsa ba ya samun damar mayar da abin da aka ɗiba, kuma 12.2V da safe yana nufin wajen rabin caji ne kawai a ciki, tunda cikakke 12.6V yake nunawa. Batirin da yake kwana da rabin caji kullum ba ya daɗewa.

Ni na sa mai amfiya 90 a tawa, kuma ita nake ba da shawara maimakon 120, wadda take ƙara wa bel nauyi sosai kuma take buƙatar a canja babbar waya zuwa mai kauri, kamar mai murabba'in milimita 25. Idan za ka saya, ka tafi da tsohuwar a hannu, a gwada ƙafafunta da fuli, domin akwai mai bel siriri, akwai mai bel mai layi-layi. Abu mafi muhimmanci, ka tabbata tana da wurin haɗi mai alamar W. Wannan injin dizal ba shi da koyil, saboda haka agogon juyin inji daga W yake samun sigina, kuma idan aka ba ka ta motar fetur wadda ba ta da shi, allurar ba za ta motsa ba. Idan girman fuli ya bambanta da na tsohuwar, agogon zai riƙa nuna lambar da ba daidai ba.

Malam Sani Rewaya, Hotoro:

Ƙari kaɗan a kan abin da manyana suka faɗa. A bayan Bosch irin wannan, regileta da burushi a haɗe suke, kuma sukurori biyu ne kacal suke riƙe da su. A ciro a duba, idan tsawon burushin bai kai milimita 5 ba, ko man inji ya jiƙa shi, a canja. A kuma lura da jar fitilar batir a dashbod: dole ta kama idan an murɗa makulli, domin ta cikinta wutar farko take bi zuwa wurin haɗi mai alamar D+ a jikin altaneta ta tada caji. Idan ƙwan ya mutu, altaneta tana iya ƙin fara aiki sai an taka totur da ƙarfi.

Abban Hafsa, Gyaɗi-Gyaɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Yau bayan la'asar na yi awon da Injiniya ya ce. A ɓangaren ja na samu 0.5V, a ɓangaren at kuma 0.4V, kuma da muka yanka robar wayar at sai muka tarar kusan rabin silin ya tsinke. An canja ta, an goge kawunan batir da notin B+, kuma yanzu ina ganin 14.0V ba tare da kaya ba, 13.4V kuma idan komai yana kunne a sulo. Burushin yana da saura, kuma na fasa sa dayod. Alhaji, zan riƙa aunawa kowace safiya har mako biyu, idan har bai kai 12.5V ba zan nemi mai amfiya 90 ɗin. Shin da ka canja taka, ka bar tsohon fuli ne ko ka yi amfani da wanda ya zo da ita?