Neman shawara: an ce ni zan kai wa Hajiya takardar kokenmu ranar Asabar

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ina aiki wani gidan kula da marayu da yara masu lalura nan cikin Sakkwato, ba na gwamnati ba ne, wata Hajiya ce ta buɗe shi. Shekarata bakwai wurin. Na fara bayan rasuwar babanmu, ina da goyon 'yan biyu, sai kuma shagon maigida ya shiga cikin gobarar babbar kasuwa ta 2021, tun nan rabin cefanen gida ya dawo kaina. Har yau bai gama biyan masu kaya ba, wannan wata magana ce daban.

Yara shida ke hannuna a gidan marayun waɗanda ba su iya yi wa kansu komai. Wanka, canza famfas, ba su abinci da cokali, juya su cikin dare kada gyambon kwanciya ya fito. Akwai mai shekara 14, ni ke ɗaga shi daga katifa zuwa keke, yanzu ruku'u ma sai na dafa gwiwa. Dubu 18 na fara, yau dubu 30. Daga Mabera nake zuwa, tun da anka cire tallafin mai kuɗin agwagwa da buje, wato keke napep, ke cinye kusan rabi. Kwana uku a sati can nake kwana, ko sisin dare babu.

Wata abokiyar aikinmu, yayanta ɗan ƙungiyar ma'aikatan lafiya ne, ya zauna da mu munka rubuta takarda: a kai albashi dubu 70, hutun yini ɗaya a sati, takardar ɗaukar aiki, safar hannu, da ƙarin mutum ɗaya da dare. Na sa hannu. Yanzu sun ce tunda ni ce babba, ni zan miƙa ta ranar Asabar. Hajiya kuma labari ya kai gare ta, ta ce duk wadda gidan ya yi wa kaɗan, ƙofa buɗe take. Mi zan yi?

Kwamared:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kai takardar nan, kuma kanki a ɗage. Shekara 28 na yi a harkar ƙungiya kafin na yi ritaya, babu irin barazanar da ban ji ba. Dubu 70 ba alfarma ba ce, doka ce, Tinubu ya sa mata hannu a Yulin 2024. Kin san yadda aka same ta? Uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta fara da neman dubu 615, gwamnati ta taya dubu 48. Sai da aka shiga yajin aiki ranar 3 ga Yuni, aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, aka tsayar da jirage, sannan aka zauna da gaske. Dubu 30 ɗin da ake ba ki, ita ce ta 2019, lokacin Ayuba Wabba yana shugaban NLC, kuma shi daga ƙungiyar ma'aikatan lafiya MHWUN ya fito. Wanda bai yi kuka ba, ko uwarsa ba ta ba shi nono.

Innar Gidan Igwai:
Ɗiyata, bi sannu. Aikin marayu aikin lada ne, ba a auna shi da kuɗɗi. In kinka tahi, wa ka ba ɗiyan nan abinci? Allah shi ba ki hanƙuri, ki samu Hajiya ku biyu ki hwaɗa mata damuwarki, ba sai da takarda ba. Takarda hwaɗa ce.

Kwamared:
Inna, da girmanki, wannan kalma ta lada ita ta kashe masu aikin kula da mutane a ƙasar nan. Mai shinkafa ba ya karɓar lada a kasuwar Kara. Ita Hajiya ladan take zubawa a tankin motarta?

Ɗan Lauya:
Baba Kwamared, a yi mini afuwa, akwai gyara. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Malama ba ta faɗi ko su nawa ne ba, kuma a kan wannan komai ya rataya. Abin da ke da ƙarfi a takardarsu shi ne takardar ɗaukar aiki: sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Sashe na 9 kuma ya hana a kori mutum don ya shiga ƙungiya. Amma kun shiga ƙungiyar da gaske, kuna da kati, ko zama kawai kuka yi da yayan wata? Malama, ku nawa ne?

Mai Shara:
Hmm. Ni shekara tara ina share ɗakin marasa lafiya a wani asibiti a matsayin ta wucin gadi, ta hannun ɗan kwangila. Jini, amai, allura, duk ni. Da aka yi ƙarin albashi sai aka ce mu ba ma'aikatan asibiti ba ne, na kamfani ne. Muka je wurin 'yan ƙungiya suka ce ba a cirar kuɗin ƙungiya daga albashinmu, don haka ba su da hurumi. Allura ta soke ni bara, da kuɗina na yi gwaji. To ina ƙungiyar take a ranar?

Kwamared:
Wannan laifin shugabannin reshenku ne, ba na ƙungiya ba. Da ni ne a wurin da ba a yi haka ba. Kuma akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, kamfanin ya kamata yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda irin wannan rana.

Mai Shara:
Ya kamata. Duk maganarku ya kamata ce.

Maman Biyu:
Na gode duka. Mu 17 ne, in an haɗa da maigadi da masu girki 21. Kati kuma babu, ɗan ƙungiyar da ya zauna da mu ya ce sai mun fara da takarda tukuna. Amma don Allah a daina zagin Hajiya, ba azzaluma ba ce. Lokacin da anka yi wa innarmu aiki a asibitin koyarwa, ita ta biya rabi. Gidan ma da taimakon mutane yake tafiya, in azumi ya wuce sai abin ya ja baya. Kuma gwaggon maigidana ce, shi ya sa ma na samu aikin.

Uwar Gida:
Ikon Allah! Gwaggon mijinki, shi ne sai yanzu kike faɗi? 'Yar uwa, ki zare hannunki. Ba aikinki kaɗai za ki rasa ba, aurenki za ki taɓa. Maigidan ya san kin sa hannu? Ni nan kan kuɗin adashi da ƙanwar mijina, shekara biyu uwarsu ba ta amsa gaisuwata, har suna aka yi ba a gaya mini ba. Dangin miji ba a shari'a da su.

Ɗan Lauya:
To da mutum 21, maganar dubu 70 roƙo ce, ba haƙƙin da za a ƙwata a Kotun Ma'aikata ba. Ni da za ku ji, ku cire lambar, ku nemi ƙari gwargwadon hali, ku tsaya kan takardar aiki da hutu da ma'aikaciyar dare. Ku kuma fara yin rajista da ƙungiya kafin Asabar, ba bayanta ba. In an kore ki yau, me za ki nuna cewa kin taɓa aiki a gidan?

Kwamared:
Yaro, kada ka karya musu gwiwa. Ba a shiga ciniki da farashin ƙarshe. Ku bar dubu 70 a takarda, a sauko a haɗu a 50. Kuma da yawa irin waɗannan wurare da gangan suke tsayawa ƙasa da 25, na san wasan. Gyaran da muke nema ke nan tun da daɗewa: duk mai kula da maraya ko tsoho ko naƙasasshe a ba shi tsarin albashi da horo kamar ma'aikacin lafiya, gwamnati ta riƙa duba gidajen, ta sa nata tallafi. Ƙanwata, in ta ƙi, ku ba ta wa'adin sati biyu ku ajiye aiki. Yini ɗaya ya isa ta gane darajarku.

Maman Biyu:
Baba Kwamared, yini ɗaya? Akwai yarinya mai farfaɗiya da ba ta karɓar magani hannun kowa sai nawa. In munka ajiye aiki ba Hajiya ce za ta kwana cikin fitsari ba. Wannan ba wutar lantarki ba ce da za a kashe a kunna. Anti Uwar Gida, maigida bai sani ba, kuma ban yi nadamar sa hannu ba, sauran ma'aikatan yara ne, ni suke kallo. In na janye yanzu da wane ido zan dube su? Lauya, in na ce a cire dubu 70 za su ce an saye ni saboda dangantaka, dama wata ta fara faɗi.

Innar Gidan Igwai:
Shi ya sa nac ce ki tahi ke ɗai, da dare, bayan isha'i.

Kwamared:
In ta je ita kaɗai an gama da sauran 16. Za a ƙara mata dubu biyar a ɓoye a ce ta yi shiru. Na ga wannan ya fi sau ashirin.

Uwar Gida:
To ai dubu biyar ɗin ta fi takardar sallama. Ke dai ki gaya wa mijinki yau, kafin gwaggonsa ta riga ki.

Maman Biyu:
Ba zan iya gaya mai yanzu ba, ga bashi kansa. Ina tunanin ko in ce ba ni da lafiya ranar Asabar, wata ta kai, sunana dai yana ciki ai. Ko hakan ya fi muni?

Ɗan Arkilla:
Salam, a gafarce ni na shigo a makare. Malama, gidan naku suna ɗaukar sababbi? Ƙanwata ta gama makarantar kiwon lafiya shekara biyu tana zaune, ko dubu 20 ne za ta yi.