Don Allah shawara: in kai ɗana gwajin basira ko in dakata?

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Abin nan ya tsaya min a rai, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Ɗana shekararsa 5, muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. In muna cikin adaidaita sahu, babu allon tallan da ba ya karantawa, kuma kafin mai shago ya danna kalkuleta ya riga ya faɗi canjinmu. Malamarsa ta ce yana gama aiki da wuri sai ya hana sauran yara sakat, ta ba da shawarar a gwada shi, wataƙila a tsallakar da shi aji. Mahaifinsa ya ce a'a, Hajiya kuwa tsoron kambun baka take yi.

Na ji akwai gwajin basira na ƙananan yara mai suna WPPSI, amma da Turanci yake, shi kuwa da Hausa yake tunani. Ina tsoron sakamakon ya rage masa abin da Allah Ya ba shi. Makarantar masu hazaƙa ta Suleja kuma sai an gama firamare ake zana jarrabawarta ta hannun NECO, to me takardar gwajin basirar za ta amfana masa yanzu?

Wa ke yin wannan gwaji a Kano, sashen ilimi na musamman na BUK ko asibitin Malam Aminu Kano? Nawa ake biya? Wadda aka taɓa tsallakar da ɗanta aji, yaya ya zauna da yaran da suka girme shi?