Fararen ƙwayoyin jini sun hau, likita bai ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba

Wata uwa daga Nima:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗana ɗan shekara 9 ke fama da zazzaɓi da ciwon makogwaro, ga kaluluwa a wuya, ga kasala. An gwada maleriya, babu. Gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun hau, na hanta ma ya ɗan ɗaga, amma CRP, wato gwajin da ke nuna kumburi a jiki, kusan daidai yake. Likita ya ce ƙwayar cutar bairos ce mai suna Epstein-Barr, ya rubuta farasitamol kawai. Hankalina bai kwanta ba. In sayo masa amoksisilin a kemis?

Wata hajiya daga Mamobi:
Allah ya ba shi lafiya 'yata. Ki duba ko belu ne, wanzami ya gani.

Ma'aikaciyar jinya:
Hajiya, a yi haƙuri, kada aska ta taɓa makogwaron yaron nan. Maman yaro, takardar da ke hannunki ta goyi bayan likita. Fararen ƙwayoyin jini kashi-kashi ne. Idan bakteriya ce, waɗanda ake kira niyutirofil ne suka fi hawa, CRP ma yakan tashi sosai, domin hanta ke fitar da shi idan kumburi ya yi tsanani a jiki. A wannan ciwon kuwa limfosait ne ke yawa, wasu har kamanninsu kan sauya, CRP kuma ba ya yin nisa. Ki duba takardar, wane kashi ne ya hau? Ɗagawar gwajin hanta ma an saba ganinta, takan sauka da kanta cikin makonni. Amoksisilin ba ya kashe bairos, kuma yara da dama masu wannan ciwon ƙuraje kan feso musu a jiki idan sun sha shi. Asfirin ma kada ki ba shi.

Uwar yaro:
Limfosait ne, Anti. To ƙannensa fa? Kofi ɗaya suke sha.

Wani malamin kimiyya daga Sabon Zango:
Ta yawu take yaɗuwa, ki raba musu kofi da cokali. Amma kada ki tsorata. Wani bincike da aka buga a 1978 kan jarirai a nan Akara, babban birnin Ghana, ya nuna yawancinsu sun kamu kafin su cika shekara 2, ba tare da alamun kirki ba. Mai yiwuwa ƙannen nasa sun riga shi kamuwa.

Ma'aikaciyar jinya:
Abin da na fi so ki kula da shi saifa ce. Takan kumbura, bugu kaɗan na iya fasa ta. Ƙwallo da kokawa a jingine su aƙalla mako 3 zuwa 4, har sai likita ya sake duba cikinsa. In ya yi kukan ciwo mai tsanani a saman ciki ɓangaren hagu, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya kasa haɗiye ruwa, ko idonsa ya yi rawaya, ki wuce da shi asibitin Korle Bu ko asibitin yara na Princess Marie Louise nan take, ko da tsakar dare ne.

Uwar yaro:
Na gode Anti. Hana shi ƙwallon nan shi ne aiki, amma zan sa babansa ya yi masa magana.